Ruwa a Ƙirjin Duna

Shekara goma sha ɗaya wani kare mai suna Duna ya yi yana gadin shanun Malam Barau a Farin Dutse. Da tsufa ya zo masa sai ya fara tari, yana haki ko da bai yi gudu ba. Barau ya kai shi Birnin Kudu wajen Likita Na'ima, likitar dabbobi, ta ce wata ƙofa ce a zuciyarsa ba ta rufuwa da kyau, jini na komawa baya. Ta ba da ƙwayoyi safe da yamma, kare ya samu sauƙi har yana bin garke zuwa rafi.

Ana cikin haka aka aiko cewa 'yar Barau da ke aure a Taraba ba ta da lafiya. Da zai tafi duba ta, ya yi niyyar barin Duna da babur ɗinsa wajen maƙwabcinsa Jafaru, amma ƙaninsa Hambali ya hana.

"Haba Yaya, ina raye za ka kai wa bare? Kawo su nan."

Barau ya nuna masa yadda ake buɗe bakin kare a tura ƙwaya can ciki. Hambali ya ce ya gane.

Bayan sati uku Barau ya dawo ya tarar da Duna ɗaure a gindin darbejiya, ciki ya kumbura, ya miƙe wuya yana neman iska. Ko tashi bai iya yi ba, wutsiya kawai ya kaɗa.

"Kana ba shi maganin?"

"Wallahi ko sau ɗaya ban tsallake ba."

Su biyu suka kai shi, Hambali na tuƙi, Barau a baya rungume da karen. Suna shiga Hambali ya riga kowa magana.

"Likita, kwana biyu bai ci ba. Ai ƙarin ruwa kawai za a yi masa ya miƙe."

"Bari mu duba tukuna," in ji ta. "Rashin ci bai nuna cewa ruwa ya yi masa kaɗan ba."

Ta aske gashin gefen ƙirjinsa, ta shafa man na'ura, ta ɗora kan na'urar hoton cikin jiki. Ta juyo allon wajen Barau.

"Baba, ka ga wannan baƙar hanyar? Babbar jijiya ce mai mayar da jini zuciya. Wancan zuwan, duk sanda ya ja numfashi sai ta ɗan tsuke. Duba yanzu."

Barau ya ƙura ido. Jijiyar ta cika tam, ba ta motsi.

Ta matsa sama tsakanin haƙarƙari. Fararen layuka suka sauko a allon, da yawa, har suna haɗuwa.

"Wannan ruwa ne a huhu. Da na sa masa ƙarin ruwa, da a kan teburin nan zai mutu." Ta yi wa Duna allura, sannan ta ce, "Ko dai ciwon ne ya ƙaru, ko kuma maganin bai shiga ba. Hoton ba zai faɗa min wanne ba. Malam Hambali, yaya fitsarinsa a kwanakin nan?"

"Lafiya lau," in ji Hambali. "Ba ya ma wani fitsari sosai."

Likita ta dube shi na ɗan lokaci.

"Karen da ke shan wannan ƙwayar, wurin kwanansa ba ya bushewa."

Barau ya miƙe. Ya fita waje, ya ɗaga kujerar babur don ɗauko katin asibiti. Ledar maganin na nan ƙarƙashin tsumma, da ɗaurin da ya yi mata da hannunsa. Ya shigo da ita ya ajiye a gaban Hambali.

"Yaya, ka san ni da ƙyanƙyami. Hannuna a bakin kare, sannan in je in yi alwala?"

"Sai ka faɗa tun ranar. Jafaru yana nan."

"Da na faɗa ai..."

"Da babur ɗin ya tafi gidan Jafaru. Ƙarasa mana."

Hambali ya sunkuyar da kai.

"Sau huɗu na kira ka daga Taraba. Sau huɗu ka rantse min."

"Kare ne fa, Yaya."

"Ba kare ka rantse wa ba."

Barau ya karɓi makullin babur ɗin, ya ce Hambali ya nemi motar Gwaram a tasha ya koma gida.

Zuwa la'asar Duna ya yi fitsari sau uku, numfashinsa ya ɗan lafa. Likita ta sake dubawa, layukan sun ragu, jijiyar ta fara motsi kaɗan. Amma ta gaya wa Barau gaskiya, zuciyar ta gaji fiye da da.

Duna ya ƙara wata biyu, bai sake bin shanu ba. Ranar da ya mutu, Barau ya haƙa rami a bayan garke shi kaɗai. Yayarsu Barira ta taso daga Maruta don ta sasanta su. Barau ya saurare ta har ta gama, ya ce ya ji. Suna gaisawa da Hambali a masallaci, kuma da aka yi wa Hambali haihuwa ya je suna. Bai zauna cin abinci ba.