Dum Na Ji

Armaya'u yana yankan gero da hantsi a gonarsu ta bayan Wagini ya ji wata ƙara daga rafi, inda yayansa Yusha'u ya kora shanu shan ruwa. Dum! Sau ɗaya. Tsuntsaye suka tashi fir, daga nan tsit.

Duk wanda ya zauna ƙasar Batsari a shekarun nan ya san muryar bindiga. Ta ɓarayin daji ta-ta-ta take cewa, kamar ana watsa tsakuwa bisa kwano. Ta 'yan sa-kai kuwa, ƙirar maƙera, dum take yi, sai an sake ɗura mata.

Kafin la'asar an rufe Yusha'u.

A wurin zaman makoki Badaru ya karɓe zance. Shi ne babban 'yan sa-kan ƙauyen, kuma tun bara suke rigimar iyakar gona da mamacin. Ya ce ɓarayi ne suka ɓullo ta rafi suka buɗe wuta, shi da yaransa suka fatattake su. Jama'a suna ta sa masa albarka.

Armaya'u bai ɗaga kai ba ya ce, "Ni dum na ji."

Baffansa Daudu ya matse masa gwiwa. Kowa ya san wanda ya ƙaryata 'yan sa-kai sunansa infoma, mai kai wa ɓarayi rahoto; infoma kuwa ba ya ganin kasuwar mako mai zuwa.

Badaru ya yi murmushi, ya gyara bindigar a cinyarsa.

"Ruɗewa ce, ƙanena. Ta-ta-ta ka ji. Faɗi mana, jama'a su ji."

Daudu ya yi ta raɗa masa ya faɗa kawai, ya dubi tsohuwarsa, ɗa ɗaya ya rage mata. Armaya'u ya buɗe baki. Harshensa ya taɓa hanƙa, ya tsaya nan.

"Dum," ya ce. "Guda ɗaya."

Babu wanda ya sake miƙo masa hannun gaisuwa. Kafin a watse, yaran Badaru sun fara tambayar wa yake kira a waya in ya shiga gona.

Da sallar azahar washegari Daudu ya ɗora shi a babur zuwa Safana, wurin dangin uwarsa. Geron da Armaya'u ya yanka yana zube a gona, ba a ɗaure ba. Da suka isa baffan ya sauke shi, yana juya babur, ya ce shi ma yana gona jiya, kuma kunnensa lafiya lau.