Kafur Marar Wari

Malam Ilu marini ne a Ƙofar Mata, amma tuwon gidansa daga 'yar gonar shinkafar da ya gada a Kadawa yake fitowa. Shekara uku ke nan buhu shida take ba shi, kafin damina ta zo sun ƙare tas. Bana aka sa sunansa a shirin tallafa wa ƙananan manoma. Malamar gona, Firdausi, ta ba shi ƙaramin buhun taki dunƙule-dunƙule, fari fat, ta ce ya binne ɗaya a tsakiyar kowace shuka huɗu.

"Baba, kwana bakwai bayan dashe. In ya wuce goma, wahalar banza ce."

Ya kawo buhun gida Madabo, ya tura ƙarƙashin gado, bai ce wa kowa uffan ba. Halin Ilu ke nan, magana tsada take yi masa.

Ran kwana na bakwai da safe ya janyo buhu, ya ji shi sakayau. Ya leƙa ciki, saura ɗan kaɗan.

"Lauratu! Ina kayan nan?"

"Kafur ɗin?" in ji matarsa. "Ai na zuba a adaka, na ɗan ɗiba wa maƙwabta. Na zamani ne, ko wari ba ya yi."

"Taki ne! Abincinmu na shekara kika raba!"

Lauratu ta dafe ƙirji, sai kuma dariya ta ƙwace mata. Ta yafa mayafi ta bi gida-gida, Ilu na tsaye a zaure riƙe da buhu, yana amsa gaisuwa cikin kunya. Gida takwas aka zazzage akwatuna, aka kakkaɓe zannuwan biki. Kowa ya mayar, ban da Hajiya 'Yardada, tsohuwar da ke ƙarshen lungu.

"Ni kyauta aka ba ni," ta ce. "Tunda na zuba ban ƙara ganin kyankyaso ba."

Haka Ilu ya haƙura. Washegari ya binne takin, ya ishi ko'ina sai layi biyu na bakin gona. Da kaka layukan nan suka tsaya gajeru, sauran gonar kuwa ta ba da buhu goma sha huɗu. Murna ta sa har Ilu ya yi surutu.

Lauratu ta auna kwano biyu ta aika wa Hajiya. Tsohuwar ta sa albarka, ta ce a tambayi Malam ko baɗi ma za a raba kafur.