Askin Baba

Ƙarfin da Mai Aski ke samowa a asibiti na awa biyu ne, hanyar gida kuwa awa biyu ce cif. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Shekara uku da suka wuce likita ya gaya masa sunan ciwonsa, em-es, mai gaigayar rufin jijiyoyi kamar yadda ɓera ke yi wa wayar lantarki. Gajiyar ciwon ce ta rufe masa shago, irin wadda mutum ke tashi daga barci da ita. Maƙwabta su ce, "Ina gajiya?" ya ce, "Ba gajiya," ya wuce yana jin haushin bakinsa.

Yanzu an sa shi a gwajin wani sabon magani na kwana goma. Nas ta jiƙa soso biyu da ruwan gishiri, ta ɗaure masa a kai, ta kunna wani ɗan akwati mai tura wuta kaɗan zuwa ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu yanka, sai ƙaiƙayi. Bayan minti ashirin yakan miƙe ya ɗaga hannuwa sama, ya ji nasa ne. Daga nan sai layin bas, tsayuwa cikin cunkoso, canjin mota, da bene hawa uku. Kafin ya taɓa ƙofar gida an gama wawashe ƙarfin.

A ɗakin ƙurya kuwa mahaifinsa na kwance, ba ya iya sauka ƙasa. Tsohon shi ya koya masa sana'ar, kuma ya rantse baƙon hannu ba zai taɓa kansa ba. Wata huɗu ke nan rabonsa da aski, suma ta cika, gemu ya yi buzu-buzu.

"Yau fa?" in ji tsohon kullum.

"Gobe, Baba."

Wannan goben ta fi ciwon cin ransa.

Ran kwana na goma, nas na kwance masa soso ya ce, "'Yar'uwa, ba a ba da aron akwatin nan?"

Ta girgiza kai. "Na gwaji ne, ba ya fita. Ni ma da son raina ne..."

Bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya tari tasi, ya hana kansa ko gaisawa da direba, don magana ma ƙarfi take ci. Benen ya karɓi rabonsa, amma ya shiga gida da saura.

"Kawo tawul!" ya ce wa matarsa. "Baba, tashi zaune."

"Ikon Allah! Goben ta zo?"

Injin aski ya fara ƙugi. Furfura na zuba a kan tawul, tsohon ya lumshe ido yana gyara masa aiki kamar ɗan koyo: a hankali wajen kunne, kai yaro. Gefen dama ya fita tas. Yana komawa hagu ya ji gajiyar ta iso. Kafaɗa ta yi nauyi, gwiwar hannu ta soma sauka da kanta. Ya cije leɓe, hawaye suka cika masa ido don takaici.

Tsohon ya ɗago hannuwansa biyu masu rawa ya tallabi gwiwar hannun ɗansa, ya tura ta sama. Haka suka ci gaba, mutum biyu a kan inji ɗaya, har shi ma nasa ƙarfin ya ƙare. Hannuwan suka faɗo tare. Sauran gashi kamar faɗin tafin hannu a bayan kunne, gemu ko taɓa shi ba a yi ba.

Tsohon ya shafa wurin ya yi dariya. "Ɗan wannan? Gobe in sun sa maka wutar ka ƙarasa."

"Yau ce ta ƙarshe, Baba."

Injin na ta ƙugi a kan katifa, babu wanda ya iya miƙa hannu ya kashe shi. Can tsohon ya dubi surukarsa da ke tsaye bakin ƙofa.

"Miƙo mini hulata," in ji shi.