Ranar da Ƙafar Yaya Ta Tsaya

Ƙafar Yaya ce ta fara tayar da maganar.

Shekara tara ke nan, duk kiɗan da 'yan ƙungiyar Waya Uku suka gama haɗawa a ɗakinsu na saman bene, sai sun sauko da shi shagon ɗinkinta, sun sa a 'yar rediyonta mai muryar gwangwani. Ba sa tambayarta komai. Ƙafarta kawai suke kallo a kan fedar keken ɗinki. In ƙafar ta manta da ɗinki ta bi bugun kiɗan, to kiɗa ya yi, jama'a za su taka. In ba ta bi ba, su koma sama su sake. Da wannan awon suka fitar da faifai uku, ba kamfani, ba manaja, ko hotonsu ba sa yarda a sa a jikin faifan.

Da suka sauko da na huɗu, ƙafar tsayawa ta yi cak.

"Kai, ƙanena, kashe min abin nan!" in ji Yaya, ta toshe kunnuwa. "Allura kuka zuba a ciki? Har a haƙorina nake jin sa."

Dogo, ƙanenta, mai tsara bugun ganga a na'ura, ya kashe rediyon. Ya dubi Barkono, mai kaɗa musu kibod, ita kuma ta dubi Injiniya. Shi ne hannun ƙarshe, shi yake tace sauti, ya daidaita ƙasan kiɗa, wato dum-dum ɗin da ake ji a ƙirji, da samansa, wato tsit-tsit ɗin da ke kaɗa kai. A da, daga bakin titi yake jin wayar da ta saki a sama.

Injiniya murmushi yake yi, yana ɗan gyaɗa kai, kamar yabonsa aka yi.

"Dariya ma kake?" in ji Barkono.

Ya kafe bakinta da ido, ya ɗan jima, sannan ya ce, "Zan duba." Ya haye sama.

Ya duba ɗin. Mako guda yana dubawa, aka sake saukowa da shi, ya fi na farko kaifi.

Barkono ta ja Dogo bayan shago, wajen da Yaya take zuba ƙyallaye.

"Kai dai Allah ya yi ka da sanyi. Mutumin nan da gangan yake yi."

"Haba dai. Don me?"

"Lissafa min. Yaushe rabon da ya ɗauki wayarka?"

Dogo ya yi tunani. Wata uku, ko fiye. Kullum sai dai, turo min a rubuce.

"Mai gaskiya yana gudun murya ne? Ka lura da yadda yake kallon bakin mutum yanzu, kamar mai auna abin da ka sani? Sannan duk Talata da safe ina yake zuwa? Kiɗan mai kyan yana wurinsa a ɓoye. Wannan ya lalata mana shi, mu ji kunya, mu watse, shi kuma ya ɗauki mai kyan ya kai wa mutumin nan mai shuɗiyar mota."

Mai shuɗiyar mota wakilin wani babban kamfanin kiɗa ne. Sau uku yana hawa benen nan da takardu, sau uku suna rako shi ƙasa. A karo na biyu ma Injiniya ne da kansa ya naɗe masa takardun ya cusa masa a aljihu.

"Shi fa ya fi mu ƙin su," in ji Dogo.

"Mai ƙi da ƙarfi shi ake fara saye, don ya fi tsada."

Dogo bai so maganar ta zauna masa ba, amma ta zauna. Ya koma yana tsintar abubuwa. Yadda Injiniya ya juya kujerarsa, ya ba su gefe guda. Yadda ya daina cin abincin rana tare da su. Ranar da ya yi masa sallama sau biyu a kan matakala bai amsa ba. Duk abin da ya tsinto, sai ya ga ya shige daidai cikin maganar Barkono, kamar filogi a soket.

Ranar Talata ya bi shi. Ya bar motoci biyu a tsakaninsu, yana jin kansa kamar ɓarawo. Injiniya ya sauka a gaban wani dogon gini mai gilashi, ya waiwaya dama da hagu, ya shige. A bakin ƙofar akwai allo mai jerin sunayen ofisoshi, sun kai ashirin. Dogo ba gwanin karatu ba ne, bai tsaya haɗa baƙi ba. Amma akwai wani tambari a jikin allon da ya sani, jan tauraro a cikin da'ira. Shi ne a jikin shuɗiyar motar.

Ya dawo a ƙafa, don kada ya iso da wuri.

"Na faɗa maka," in ji Barkono, amma ba da murna ta faɗa ba. Idonta ya yi ja. Ta fita ta dawo da sabon kwaɗo, ta danƙa masa a hannu. "Ɗakin na yayarka ne, kai za ka faɗa masa. Ya kwashe nasa ya bar namu. In na hau yanzu, sai an raba mu."

Yaya ta ɗago daga ɗinki. "Ku dai ku tambaye shi tukuna. Yaron nan a gabana ya sayar da babur ɗinsa ya sayo muku sifika."

"Yaya, mutum yana canzawa."

"To. Ni dai riga nake canza wa wuya."

Da la'asar Dogo ya hau, kwaɗon yana masa nauyi a aljihu. Tun daga tsakiyar matakala ya fara jin wani siririn fito, irin wanda sifika take yi in waya ta taɓa inda bai kamata ba. Ya tura ƙofa. Injiniya yana zaune a gaban kwamfuta, ya ba ƙofa baya.

Dogo ya tsaya a bakin ƙofar. Ya san in ya ga fuskarsa ba zai iya ba, don haka ya faɗa wa bayansa. Ya ce ya bi shi, ya ga inda ya shiga. Ya ce da ya zo ya ce ya gaji da wahala, wallahi da sun yafe masa. Ya tuna masa ranar da ruwa ya ci musu na'ura a filin ƙwallo, su uku suka lulluɓe ta da rigunansu. Ya ce masa maci amana. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan kalmar ba, har muryarsa ta karye a tsakiyarta.

Injiniya bai juyo ba. Ko kafaɗarsa ba ta motsa ba.

Ran Dogo ya ɓaci, ya taka zai finciko shi. Sai fiton nan ya soke shi a haƙori, ya tsaya. Ɗakin cike yake da shi, har gilashin taga yana rawa. Mutumin da yake jin sakin waya daga bakin titi yana zaune a tsakiyarsa, hankali kwance, yana duban layukan da ke hawa da sauka a fuskar kwamfuta. Takalmansa suna gefe. Tafin ƙafafunsa biyu ya ɗora a jikin babbar sifika, yatsunsa suna bin dum-dum ɗin. A kan tebur, ƙarƙashin kofin shayi, akwai wani ɗan farin kati mai zanen kunne, da hoton dogon gini mai gilashi. Wannan kam ba sai an haɗa baƙi ba, wurin likitan kunne yake zuwa duk Talata.

Dogo ya miƙa hannu ya zare wayar da ke fito. Inuwarsa ta faɗa kan tebur, Injiniya ya zabura ya juyo, ya janye ƙafafunsa da sauri.

"Dogo! Ka daɗe da shigowa?"

Idonsa a kan bakin Dogo yake.

"Yanzun nan."

"Ka yi magana ne?"

Dogo ya girgiza kai. Ya jawo kujera ya zauna daidai gabansa, inda haske yake faɗo masa a fuska. Ya ga Injiniya ya kalli katin, ya kalli wayar da aka zare, ya sunkuyar da kai. Dogo ya jira har ya ɗago.

"Saman ya yi yawa," ya ce a hankali, yana buɗe baki sosai. "Rage shi."

Injiniya ya miƙa hannu wajen na'urar. Sannan ya kunna kiɗan, ya ɗora yatsu biyu a kan maɓallin.

"In ya isa, ka ɗaga min hannu."

Ya fara murɗawa kaɗan-kaɗan, ba ya kallon na'urar. Allurar ta soma zubewa daga cikin kiɗan. Dogo yana saurare, kwaɗon yana danne masa cinya. A ƙasa, ƙarar keken Yaya ta canza taku.

A kan matakala kuma, Dogo ya ji takun Barkono, tana hawowa da sauri. Bai waiwaya ba. Hannunsa yana kan gwiwa, ragin bai isa ba tukuna.