Fuskar Motar Fuseini

Duk unguwar Maamobi da ke Accra babu wanda bai san motar Fuseini ba, don babu kamfanin da zai yarda ya ce shi ya haife ta. Ƙarfen gindinta na wata tasi ce da ta mutu a unguwar Adabraka, ƙofofinta katako ne, kujerun kuwa matarsa Barikisu ce ta ɗinka musu riga. Amma fuskar motar, nan maganar take. Wansa Abdulai, wanda ya koya masa ƙera jikin mota, shi ya zauna da guduma ya buga ta da farin ƙarfe irin na tukunya, ya fitar mata da dogon hanci da kumatu, kafin ciwon ƙirji ya mayar da shi gida Salaga, can arewacin Gana. Aikinsa na ƙarshe ke nan. Kullum sai Fuseini ya goge fuskar nan da toka da tsumma kafin ya sha koko.

Injin ne dai ya tsufa tukuf. In an zo hawa tudu sai motar ta yi ta tari, Barikisu ta sauka ta taka da ƙafa, kuma sau da yawa ita ke riga su isa.

Shekarar da aka koro 'yan Gana daga Najeriya, amininsa Wasiu makanike ya dawo daga Legas a bayan tirela, ba akwati ba katifa, sai injin Fijo naɗe cikin buhuna. Fuseini ya ba shi ɗaki, ya ba shi gefen rumfar aikinsa. Shi kuma Wasiu ya ce injin nan ba shi da gida sai cikin motar Fuseini. Ya ɗauko igiya ya auna inji, ya auna cikin mota.

"Chale, abokina, zai shiga," in ji Wasiu. "Ya yi tsawo ne kaɗan."

"To tura shi baya," Fuseini ya ce. "Ci wurin ƙafa, ci kujera in ka so. Amma fuskan nan, kar ka taɓa shi koraa, ko kaɗan."

Ba su kai ga fara aikin ba sai ga saƙo daga Salaga, Abdulai ya rasu. Fuseini ya haɗa jakarsa, ya kulle motar a rumfa zai tafi da makulli. Wasiu ya tare shi a bakin ƙofa, ido jajawur, ya ce ya bar masa makullin ya gama aikin kafin ya dawo, ko ya rage masa zafin rashi. Ya rantse da Allah, ya maimaita, cewa ko ƙusa ɗaya ba zai cire daga fuskar ba. Fuseini ya ji daɗi har cikin ransa, ya miƙa masa makullin.

Sai bayan sadakar arba'in ya dawo. Tun daga inda trotro, motar haya, ya sauke shi yake jin wata ƙara mai santsi daga wajen rumfarsa, ga mutane cincirindo, masu shayi da teloli duk sun bar aikinsu. Suna ganinsa suka hau yi masa barka. Ya kutsa da jakarsa a kafaɗa, har ya fara murmushi.

Motar na tsaye, injin na aiki lafiya lau. Amma gabanta gaban Fijo ne, irin wanda ke kan kowace tasi a Accra. An yanke hancin tun daga gindin gilashi, an liƙa wannan da walda, an shafe da fenti.

Fuseini ya ajiye jakar a ƙasa. "Ina fuskan?"

Wasiu ya leƙo daga cikin motar. "Ji inji, massa, ji yadda yake magana! Jiya na hau tudun Kanda da giya uku."

"Wasiu, ina fuskan?"

Wasiu ya sosa ƙeya. "Ya lanƙwashe wurin yanka. Masu zuba tukunya na bakin gwata sun ɗauka."

Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Fuseini bai yi kuka a gaban kabarin wansa ba, amma nan hawaye suka zubo masa. Baƙin ciki ne, da kunya kuma, don da hannunsa ya ba da makullin. Duk da haka ya nema wa amininsa mafita, ko zuciyarsa ta samu abin riƙewa.

"Ka gwada turawa baya ya ƙi, ko? Sai da ka fara aiki ka gani?"

Wasiu ya kashe injin, ya goge hannu da tsumma, ya dube shi kamar mai ba yaro magani. "Tun ranar da na auna da igiya na san ba zai shiga ba."

"Kuma ka rantse mini?"

"Chale, da ban rantse ba, za ka bar mini makulli?"

 Fuseini ya sunkuya ya ɗauki jakarsa, ya raɓa ta gefen motar ba tare da ya taɓa ta ba, ya nufi gida a ƙasa.