Rijiyar da Baba Bai Ƙarasa Ba

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar Gumel a zamaninmu ya karanta labarin Cindo Mahaƙi. Ɗan siririn littafi ne, wani malamin makaranta ya rubuta shi tun kafin a haife ni, a kan mutumin da ke yawo ƙauye-ƙauye da dagi da igiya, wanda bai taɓa fara rijiya ya bar ta ba sai ya ga ruwa. Mutanen nesa suna zaton ƙirƙira ce. Mu a Gagarawa mun san gaskiya, don Cindon nan ubana ne. Bai bar mana shanu ba, bai bar gonar kirki ba. Sunan nan kawai ya bari, da shi nake taƙama har na yi furfura.

Bara da kaka sai ga Jamaluddeen, ɗan ƙanena, daga Kano, hula a karkace, waya biyu a hannu. Wai shi yanzu darakta ne, zai mayar da labarin kakansa shiri mai dogon zango a talabijin, amma a wannan zamanin.

"Gwaggo, yaran yanzu ba su san dagi ba," in ji shi. "Injin burtsatse za mu ba shi, da mota. Amma halinsa ko kaɗan ba za mu taɓa ba."

Daɗi ya kashe ni. Kwana uku ina dama masa fura yana yi min tambayoyi, shi dai abin da babu a littafi yake so. A rana ta uku bakina ya yi tsawo, na faɗa masa abin da Inna ta faɗa min a ciwon ajalinta. Akwai wata unguwa kusa da Gagarawa Tasha inda Baba ya yi nisa da haƙa, sai ƙasa ta zubo masa har wuya. Ya fito da ƙyar, tsoro ya hana shi komawa. Kunya kuma ta hana shi faɗa, sai ya ce wa mutanen dutse ya tarar, ya kwashe kayansa. Har ya koma ga Allah bai sake bin hanyar nan ba.

"Wannan tsakanina da kai ne," na ce.

"Haba Gwaggo! Kakana ne fa."

Ranar da aka fara nunawa na gayyato matan unguwa, na aro janareta, na shimfiɗa tabarmi. Sai ga Cindo da ƙaton tumbi da baƙin tabarau, yana ta ihu a waya. Muka yi dariya, ni ma na yi, duk da ubana ko tumbin bai taɓa ajiyewa ba. A mako na huɗu ne dariyar ta maƙale min. Cindo ya isa wani ƙauye, aka yanka masa rago, aka soma haƙa, ƙasa ta ɗan rufta, ya tsorata. Ya gyara tabarau ya ce, "Jama'a, dutse muka tarar." Ya shiga mota ya gudu.

Daga nan fa abin ya zama sana'arsa, kowane mako sabon ƙauye, sabon dutse. Kafin wata biyu maganar ta cika gari. Tela ya saɓa alkawari, dutse muka tarar. Ɗan acaɓa ya ƙi kai ka Sule Tankarkar, dutse muka tarar. A kasuwar Maigatari na ji dillalai suna kiran wani maƙaryaci Cindo.

Na kira Jamaluddeen.

"Gwaggo, mutumin da ba shi da aibi ba mai kallonsa," ya ce. "Kuma ai ba ƙarya na yi ba."

"Sau ɗaya ne, ɗan nan! A rijiya sama da sittin, sau ɗaya! Ka ci amanata."

Ya ce suna bakin aiki, zai kira ni. Har yau yana kira.

Shekaranjiya da hantsi wani babur ya sauke wata tsohuwa a ƙofar gidana. Ta ce sunanta Rabi, daga unguwar nan da Baba ya bar rijiya take. Na ba ta tabarma, na kawo mata ruwa a kwano.

"Ina amarya ubanki ya zo mana," ta ce. "Bayan tafiyarsa shekara ashirin ina ɗauko ruwa daga Tasha, da ciki da goyo. Ban taɓa ganin laifinsa ba, don dutse ikon Allah ne. Har addu'a nake sa shi. Jiya jikokina suka nuna min abin nan a waya, na ce sharri ne, na yi musu tas. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ki faɗa min tsakani da Allah, 'yar Cindo, akwai dutsen nan?"

Na buɗe baki in ce akwai, na kasa. Ta jira, ta ƙara jira. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe, ta fita, ruwan ko kurɓa ba ta yi ba.