Kurmar Karya a Kogon Ruwa

Da hantsi muka shiga kogon, ni da mijina Clive da karnukanmu biyu. Tun da ya ajiye aiki muka sayar da gida muka tare a siririn jirginmu, muna bin hanyoyin ruwa gari gari. Kogon dogo ne, an huda shi ƙarƙashin tudu, babu inda mutum zai taka a gefe, sai bangon bulo mai santsi da ruwa da ke ɗiga mana a ka.

Mun yi nisa, hasken bakin kogon a bayanmu ya koma kamar ƙwayar gero, sai muka ji tsulum. Pickle, ƙaramin karen, ya ɓarke da haushi. Na leƙa ɗaki, ƙofar gaba a buɗe, sakatar ta zame. Tansy, babbar karyar, ba ta nan.

"Clive, kashe injin! Farfela za ta sare ta!"

Ya kashe. Jirgin ya ci gaba da sulalewa da nauyinsa. Na dinga ƙwala mata kira har maƙogwarona ya yi zafi, alhali na san aikin banza nake yi. Tansy ta tsufa, ta kurmance, ga ta baƙa ƙirin kamar ruwan. Na haska tocila, ban ga komai ba sai ganyaye da wata gorar roba.

"Tana baya," in ji Clive. "Saurara."

Can nesa na ji ƙarar farata a jikin bulo. Sai kuma wata ƙara ta danne ta: injin wani jirgi. Fitilarsa ta ɓullo a bayanmu, tana tahowa daidai inda take.

Na danna ham, na sake dannawa. Fitilar ba ta fasa tahowa ba. Da na waiwaya, Clive ya cire takalma.

"Kai tsoho, ka haukace? Da wannan zuciyar taka? Me likita ya ce maka?"

"Likita yana gidansa yana shan shayi. Riƙe min tabarau."

Ya zame cikin ruwan. Na ji numfashinsa ya sarƙe don sanyi, ruwa har haɓarsa. Ya kama bango ya nufi baya, duhu ya haɗiye shi. Yanzu su biyu ke gaban jirgin can. Na hau rufi da rarrafe, ina kaɗa tocila, ina ihu, Pickle yana taya ni.

"Ku tsaya! Akwai mutum a ruwa! Don Allah ku tsaya!"

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji injinsu ya canza murya, ya yi gurnani, ya mutu.

"Wa ke can?" Muryar mace ce.

"Mijina ne da karyarmu! Ki duba gabanki!"

A hasken fitilarta na hango su. Clive ya manne da bango, ya ɗora Tansy a kafaɗa, kansa yana nutsewa yana tasowa. Matar da wani ƙato suka rugo goshin jirginsu. Ƙaton ya miƙa hannu.

"Kamo ni, Baba."

"Ita tukuna," in ji Clive.

"Baba, bakinka ya yi shuɗi!"

"Na ce ita tukuna."

Suka cafke ta a wuya suka jefa ciki. Shi kuwa hannunsa ya ƙi damƙuwa, sai da suka saƙala masa igiya a hammata suka ja shi kamar buhu.

Matar, Bronwen sunanta, ita ta turo jirginmu har muka fita, don na kasa tayar da injin. A bakin kogon muka shimfiɗa shi a ciyawa cikin barguna, ƙaton, ɗan'uwanta, ya haye tudu neman inda waya za ta kama. Clive yana karkarwa, ba ya gane ni. Na riƙe fuskarsa ina ce masa kada ya kuskura ya bar ni da karnuka biyu da jirgin da ban iya juyawa ba.

Motar asibiti ta tsaya a kan wata gada kusa da mu, suka sauko da gadon ɗauka. Clive ya daɗe a kwance a asibiti, amma ya tashi. Tansy ta yi amai, ta yi barci, washegari ta cinye abincinta da na Pickle. Ni kuwa Bronwen ta ɗaure jirginta kusa da namu, kullum da safe ta ƙwanƙwasa min taga mu tafi tashar bas tare, mu je duba shi.